Sayen Tirela: A Dubi Ranar Sayarwa Ko A Dubi Tsawon Aiki?

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa tirela ba ta iya shiga lungunan birnin Kano. Iyakarta ta bi babban titin da ya bi gefen badala, wanda ya taso daga Gidan Murtala ya wuce ta bakin Ƙofar Ɗan Agundi da Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya har ya dangana da Kabuga, ko kuwa ta karkata zuwa masana'antun Sharaɗa. Duk da haka, shawarar sayen da yawa daga cikin waɗannan motoci a cikin birnin ake yanke ta, a soraye da dakalan ƙofar gida. Jikokin fataken da suka riƙa kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, su ne a yau suke aika tirela Legas da Fatakwal. Kuma shawara ce mai nauyi, domin kan tirela ɗaya da bodinsa sukan ci miliyoyin naira masu yawa, wani lokaci sai an sayar da gona ko gida, ko an haɗa gadon 'yan'uwa wuri guda, kafin kuɗin su cika. Idan motar ta yi albarka, mai ita da direba da yaran mota da bakanike duk sun sami abin kai wa gida. Idan ta karye, gidaje da yawa ne za su ji a jikinsu.

A duk inda aka zauna wannan shawara, akan rabu gida biyu. Wasu su ce a sayi motar da ba ta faɗuwa a kasuwa, a more ta shekara biyu, a sayar tun tana da sauran ƙuruciya, a canjo wata. Wasu kuwa su ce mota sai ta daɗe a hannu take biyan mai ita. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, ga ɗan kasuwa mai mota ɗaya ko biyu, riƙe mota da kula da ita ya fi riba, muddin dai an zaɓi wadda kanikawan gari suka san cikinta, an kuma bar lissafi ya faɗi ranar rabuwa da ita. Hujjojin kuwa suna cikin darussan da ɗalibai suke karantawa a aji, wato lissafi da kimiyyar ƙarafa da ilmin halittu.

Ribar Da Take A Takarda Kawai

Babbar hujjar masu saurin sayarwa ita ce sun ga wane ya sayi mota a kan kaza, ya yi aiki da ita, ya kuma sayar da ita fiye da yadda ya saya. Wannan yana faruwa, amma akwai buƙatar a tambaya da wane mudu aka auna ribar. Kusan duk tirelar da ke kan titin Nijeriya daga waje aka shigo da ita, ko kuma daga waje aka kawo sassan da aka harhaɗa ta da su, saboda haka farashinta na ainihi da dala yake tafiya. A farkon 2023 ana canjin dala ɗaya a kan wajen naira 750 a kasuwar Wapa da ke Fagge. Bayan da gwamnati ta saki darajar naira a watan Yuni na wannan shekara, dala ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a 2024.

To, a ƙaddara wani ya sayi tirela naira miliyan 30 lokacin da dala take 750, wato ya biya dala 40,000 ke nan. Bayan shekara biyu ya sayar da ita miliyan 45 lokacin da dala take 1,500. A bakinsa ya ci ribar miliyan 15, amma abin da ya karɓa dala 30,000 ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu na jarinsa ya tafi. Ranar da ya koma wurin dillali neman irin motar da ya saya tun farko, miliyan 60 za a ce ya kawo. Ya fitar da motar da ya san halinta daga hannunsa, ga shi kuma sai ya nemo ƙarin miliyan 15 kafin ya koma inda ya taso.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin hukuma. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin shirin SAP, kuma kafin 1995 ta ƙare sai an ba da fiye da naira 80 ake samun dala ɗaya a kasuwar canji.  Haka kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. A irin wannan yanayi, kuɗin da aka riƙe a hannu narkewa suke yi kamar ƙanƙara a rana, ita kuwa mota mai lafiya tana nan tana dako, kuɗin dakon kuma suna bin farashin kasuwa.

Inda Kuɗin Mota Suke Tafiya

Kuskure na biyu shi ne a ɗauka farashin saye da na sayarwa su ne manyan lambobi a rayuwar mota. Tsakanin Kano da Legas akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, zuwa da dawowa 2,000 ke nan. Tirela mai cikakken lodi takan sha abin da ya kai lita 40 ta man dizal, wanda direbobi suke kira gas, a kowace kilomita 100. Sahu ɗaya ke nan ya ci lita 800. Idan motar ta yi sahu 30 a shekara, ta yi tafiyar kilomita 60,000, ta kuma sha lita 24,000. Ko da a kan naira 1,000 aka sayi kowace lita, an ƙone naira miliyan 24 a shekara ɗaya tak, ban da taya da baƙin mai da albashi da kuɗin takardu.

Yanzu sai a kwatanta motoci biyu, ɗaya tana shan lita 40, ɗaya lita 45. Bambancin lita 5 ba ya cika ido a gidan mai, amma a kilomita 60,000 ya zama lita 3,000, wato naira miliyan 3 a shekara, miliyan 18 a shekara shida. Da wuya ƙarin kuɗin da sanannen suna yake jawo wa mota a ranar sayarwa ya kai wannan. Har ila yau akwai asarar zaman banza. Motar da ta kwana goma a gefen hanya a Tafa ko Mararrabar Jos tana jiran a kawo wani ƙarfe daga Legas, ta rasa sahu guda cur, direba da yaransa suna cin abinci, mai kaya kuma ya fara neman wata motar. Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne a tara duk abin da aka kashe tun daga ranar saye, a cire abin da za a samu in an sayar, sa'an nan a raba da yawan kilomitar da motar ta yi da lodi. Abin da ya fito shi ne kuɗin kowace kilomita, kuma da shi ake gane motar da ta fi arha. Farashin sayarwa lamba ɗaya ce kurum a cikin wannan lissafi, kuma ita ce lambar da mai mota ya fi jahilta a ranar saye, tunda ba wanda ya san yadda kasuwa za ta kasance nan da shekara biyar.

Yadda Ƙarfe Yake Tsufa

A 1825 wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Benjamin Gompertz ya lura cewa haɗarin mutuwa ga baligi ba a hankali yake ƙaruwa ba, ninkawa yake yi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa a jikin ɗan Adam yana ninkawa ne kusan duk bayan shekara takwas. Injiniyoyi sun sami kwatankwacin wannan a jikin na'urori. A watannin farko akan sami 'yan matsaloli na kuskuren ƙira ko na haɗi, kamar yadda jarirai suka fi manya rauni. Daga nan sai a shiga dogon zango na lafiya, wanda lalacewa ba ta da yawa a cikinsa. Can daga baya sai gyara ya fara yawaita, yana ninkawa shekara bayan shekara. Wannan zango na tsakiya shi ne lokacin girbin mai mota, kuma wanda ya sayar a shekara ta biyu ya yi noma ne ya bar wa wani girbi.

Sai dai akwai bambanci tsakanin mai rai da ƙarfe. Ƙashin jaki ko na raƙumi, in ya yi ɗan tsagu saboda nauyin kaya, akwai ƙwayoyin halitta da suke cinye wurin da ya lalace, wasu kuma su gina sabo, dabbar tana barci ana yi mata gyara. Ƙarfe ba shi da wannan baiwa. A tsakiyar ƙarni na 19 wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya binciki dalilin da ya sa ƙarafan da ke riƙe da ƙafafun jirgi suke karyewa ba zato ba tsammani. Ya gano cewa ƙarfe yana gajiya: duk lanƙwasa da miƙewar da ya yi tana barin ɗan tabo, tabon ya zama tsagu, tsagun ya yi ta girma a ɓoye har ranar da zai ɓalle. Ya kuma gano cewa ɗan ƙarin nauyi yana rage kwanan ƙarfe ƙwarai da gaske.

Masu ƙera boris suna da ƙa'ida a kan wannan. Idan nauyin da ke kan boris ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu, kwanansa yana raguwa da kusan rabi. Buhun siminti 600 tan 30 ne. Mai motar da ya yarda a ɗora masa 800 a inda aka tsara wa 600 ya karɓi ƙarin kuɗin dako a yau, amma daga jikin boris da sifirin da taya da birki ya ciro su. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Titi ma yana shan nasa kason, domin gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16. Ramin da motar ta haƙa a bana, shi ne zai karya mata sifirin a baɗi.

Ga kuma ƙurar hunturu, wadda akasarinta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska take kwaso ta. Injin tirela yana zuƙar iska mai ɗimbin yawa a kowane minti, kuma idan matatar iska ta yage, ƙurar tana shiga ta riƙa goge fistin da ringi tamkar ana wasa wuƙa a dutse. Matatar iska da ta mai da juyen baƙin mai a kan kari ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, amma su ne suke raba injin da zai kai shekara shida kafin garambawul da wanda zai nemi garambawul a shekara ta uku. A nan ne niyyar mai mota take da tasiri. Wanda ya saya da niyyar sayarwa nan da shekara biyu ba shi da dalilin tausaya wa ƙarfen da wani ne zai gaje shi. Wanda ya saya da niyyar zama da ita ya san duk obalodin da ya yi, shi zai biya.

Darasi Daga Makiyaya

To, idan an yarda riƙewa ta fi, har zuwa yaushe? Ilmin halittu yana da amsa. A 1976 wani masani ɗan Amurka, Eric Charnov, ya yi nazarin yadda dabba mai neman abinci take yanke shawarar barin wuri ta koma wani. Lokacin da saniya ta isa sabuwar makiyaya, ciyawa tana da yawa, kowane cizo da riba. Sannu a hankali ciyawar tana raguwa, wahalar nema tana ƙaruwa. Idan ta tashi da wuri, ta ɓata lokacinta a tafiya. Idan ta daɗe ƙwarai, ta ɓata shi a fili maras ciyawa. Charnov ya nuna cewa lokacin tashi shi ne sa'ad da abin da take samu a nan ya sauko ya yi daidai da matsakaicin abin da take samu a duk yawonta, har da lokacin tafiya a cikin lissafin. Wani abin lura kuma shi ne, duk yadda makiyaya ta gaba ta yi nisa, haka ya kamata a ƙara daɗewa a wadda ake ciki. Bafulatanin da bai taɓa shiga aji ba ya san wannan sarai.

Haka lissafin mota yake, sai dai a nan kashewa ake aunawa. A ƙaddara an sayi tirela miliyan 60, kuma darajar naira ba ta motsa ba. A ce darajar motar ta ragu da miliyan 12 a shekarar farko, sa'an nan 8, 6, 5, 4, 3, 2 da 2 a shekarun da suka biyo baya, domin faɗuwar farashi ta fi tsanani a farko. A ce kuma kuɗin gyara da asarar zama sun kama miliyan 2 a shekarar farko, sa'an nan 3, 4, 5, 6, 8, 10 da 13. Idan aka haɗa biyun, abin da kowace shekara ta ci shi ne miliyan 14, 11, 10, 10, 10, 11, 12 da 15. Wanda ya sayar bayan shekara biyu ya kashe miliyan 25, wato 12.5 a shekara, in kuwa ya maimaita haka sau uku ya kashe 75 a shekara shida. Wanda ya riƙe mota ɗaya shekara shida ya kashe 66, wato 11 a shekara. Bambancin miliyan 9 ne, ban da la'adar dillalai da kuɗin sababbin takardu da kwanakin da aka ɓata ana neman mota. Amma shekara ta bakwai za ta ci miliyan 12, ta haura matsakaicin 11, kuma wannan ita ce alamar ciyawa ta ƙare, lokacin tashi ya yi.

Waɗannan lambobi misali ne kawai, kowace mota da nata. Ƙa'idar ce ba ta sauyawa: a ci gaba da riƙe mota muddin abin da shekara mai zuwa za ta ci bai haura matsakaicin abin da canjin mota yake ci ba. Kuma kamar yadda nisan makiyaya yake tsawaita zama, haka tsadar sabuwar mota take tsawaita riƙon tsohuwa. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suka ɗora nasu a kai. Ko wanda ya guje wa bashin ruwa ya sayi mota da kuɗinsa, ya sani cewa miliyoyin da ya ɗaure a jikin sabuwar mota da suna juyawa a Kantin Kwari ko Dawanau da sun haifi wani abu.

Wace Mota Ce Take Riƙuwa?

Abin da na'ura ta fi dabba da shi shi ne ana iya sauya mata gaɓoɓi. Saboda haka kwanan mota a Kano ya dogara ne da abin da ake samu a shagunan kayan gyara na Ƙofar Ruwa da abin da hannun bakanike ya saba da shi. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa kai da kamfanonin Turai aka kafa wuraren harhaɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai harhaɗa Marsandi a Inugu, da National Trucks Manufacturers mai harhaɗa Fiat a nan Kano. Faɗuwar kuɗin man fetur da karyewar naira a shekarun 1980 sun durƙusar da yawancinsu. Duk da haka har yau ana ganin tsohuwar Marsandi 911 tana dakon hatsi da itace, saboda injinta ba shi da sarƙaƙiya, kayan gyaranta sun wadata, kuma kusan kowane gari akwai wanda zai iya kwance ta ya ɗaura.

Kishiyar wannan ita ce tirelar Turai ta hannu da aka ƙera bisa ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, wadda ta zama tilas a kan sababbin manyan motoci a can daga 2014. Irin wannan mota tana da matatar da ke kama baƙin hayaƙi, tana buƙatar wani ruwa mai suna AdBlue wanda kashi 32.5 cikin 100 nasa yuriya ce, kwamfuta ce kuma take sarrafa injinta. An ƙera ta ne domin man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Nijeriya kuwa ta yi shekaru ƙa'idarta ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Mai mai yawan farar wuta yana toshe matatar, yana lalata sinadaran da ke tsabtace hayaƙin, daga nan kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi, mota ta kama jan ciki a kan hawa. Irin wannan mota tana da kyan gani da babban suna, amma mai saye ya tambayi kansa wa zai gyara masa ita in ta tsaya tsakanin Jebba da Mokwa da tsakar dare. Wannan tambaya ce ta sa motocin Sin irin su Howo suka yawaita a titunan ƙasar nan, domin kayan gyaransu suna ko'ina, ko da yake masu su suna kukan cewa ƙarfensu bai kai na DAF ko Mack juriya ba.

Hujjar Masu Duba Kasuwa

Adalci ne a faɗi inda masu duba farashin sayarwa suke da gaskiya. Na farko, kasuwa tana iya tsayawa cak. An rufe iyakokin Nijeriya na tudu daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, ba a buɗe ta daga ɓangaren Nijeriya ba sai a Maris na 2024. Mai motar da ya dogara da hanyar Maraɗi ko Damagaram, in bashi ya taso masa a irin wannan lokaci, yana buƙatar motar da za ta sami mai saye cikin mako guda. Farashin sayarwa a nan mafita ce ta ranar wuya, kuma bai kamata a sayi motar da ba ta da wannan mafita ba.

Na biyu, fasaha tana sauyawa. A 2025 matatar man Ɗangote ta sanar da shigo da manyan motoci 4,000 masu aiki da iskar gas. An soma shimfiɗa bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020, an aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, an kuma buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairu na 2023. Idan iskar gas ta wadata a Kano, jirgin ƙasa kuma ya karɓi dakon nesa, tsohuwar tirelar dizal mai shan mai za ta iya faɗuwa a farashi da sauri. Wannan dalili ne na sabunta lissafi duk shekara, domin in makiyaya ta gaba ta matso kusa, ta kuma fi ciyawa, lokacin tashi ya gabato.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, riƙe mota ba izini ba ne na yawo da gawa a titi. A 2012 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin injin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji na huhu. Titin da ya bi ta Ɗan Agundi titin makarantu ne, Kwalejin Rumfa tana bakinsa, tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana gaba. Tirelar da ke tuttuɗo baƙin hayaƙi, ko wadda birkinta ya ƙwace a irin wannan wuri, ta jawo asarar da ba ta shiga littafin mai ita, amma tana shiga wuyansa. Motar da shasinta ya tsage ko birkinta ya daina amana, wurin 'yan gwangwan ya dace da ita, ko da lissafi ya ce da sauranta.

Kammalawa

Wani abin sha'awa shi ne hanyoyin nan biyu suna haɗuwa a wuri guda. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya bayyana dalilin da ya sa motar hannu take faɗuwa a farashi fiye da tsufanta. Mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba, saboda haka mai saye yakan rage tayi domin tsoron cinikin biri a sama, mota mai lafiya da maras lafiya duk a yi musu kuɗin goro. Maganin wannan shi ne shaida. Motar da ke da littafi mai nuna ranar kowane juye, da nauyin kowane lodi, da litar man kowane sahu, da sunan kowane ƙarfe da aka sauya, ta fi wadda aka wanke aka yi wa sabon fenti daraja a idon mai saye mai hankali. Wato ke nan, wanda ya kula da motarsa domin ya daɗe da ita, shi ne kuma zai fi samun farashi ranar da ya tashi sayarwa.

Wannan littafi aiki ne da ɗalibin sakandare zai iya riƙe wa mahaifinsa ko kawunsa, ba ya buƙatar fiye da littafin rubutu mai layi da tarawa da rabawa. Malaman lissafi kuma za su iya ɗaukar lambobin misalin da aka kawo a sama, su sa ɗalibai su zana layin kuɗin kowace shekara da layin matsakaici a takarda ɗaya, su gano da idonsu inda layukan biyu suka gitta juna. Ɗalibin da ya iya wannan zane, ranar da manya suka zauna shawarar sayen mota ko sayar da ita, yana da abin da zai ajiye a gabansu cikin ladabi, su duba kafin su kira dillali.